Maganin Cin Ruwan da Surukata Ta Ce Na Sani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukata, mahaifiyar matata, wadda duk unguwarmu a Haɗeja ke kira Iya, ta rasu a farkon daminar bana bayan 'yar gajeriyar jinya. An yi mata sutura, an kai ta makwancinta, mun dawo mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. A kan tabarmar nan ne kaina ya ɗaure, kuma har yau bai gama kwancewa ba.

Wani manomin shinkafa daga Malam Madori ya zo ya tsuguna, ya ce ya haƙuri, muka ce da godiya, aka shafa fatiha. Maimakon ya tashi sai ya matso kusa da kunnena.

"Malam, an ce kai ta bar wa."

Na ɗauka tunkiyarta yake nufi, har raina ya ɗan yi fari, Allah ya yafe mini. Na ce, "Bar mini me?"

"Haɗin mana. Maganin ƙafa."

Na ce ban san zancen ba. Ya yi murmushi irin na wanda ya gane ana ɓoye masa, ya ce ba komai, zai dawo bayan bakwai.

Haka aka wuni. Wata mata daga Kafin Hausa ta shiga cikin gida tana kuka, muna jiyo ta daga waje tana cewa, "Wa zai ƙara duba mana ƙafa?" Wani dattijo ya ce bai taɓa ganin mace mai tausayin Iya ba. Wani dattijon da ke kusa da shi ya ce shi dai korar kare ta yi masa, ko da yake korar ce ta sa har yanzu yake da ƙafa biyu. 'Yan mata suka zo gungu guda suna share hawaye da gefen hijabi, ɗaya na cewa ba don Iya ba da ƙuraje za ta shiga ɗakin miji. Kowa in ya gama nasa, sai ya juyo ya dube ni. Ni da ko shayi na haɗa sai an zubar.

Da yamma ta yi na kira matata gefe na tambaye ta. Ta ce ai gaskiya ne. Ana gobe Iya za ta cika, aminiyarta, wata tsohuwa daga Kaugama da suka taso tare tun suna tallar nono, ta tambaye ta a gaban mutane wa ya san haɗin maganin. Iya ta buɗe ido ta ce, "Mijin waccan ya sani." Ba ta ƙara ko kalma a kai ba.

To kun ji inda na shiga uku. Dashen shinkafa ya gabato, gwangwanin maganin ya kusa ƙarewa, ga maganar mamaciya a kaina. In na ce ban sani ba, ko dai a ce Iya ta yi ƙarya a bakin kabari, ko a ce na danne abin mutane. Ni karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, shi ma malamin ne ya fara gajiya kafin ni. Amma na ce sai na rubuta wannan ko da rubutun zai fito a karkace, don kada a manta da matar nan, kuma ko wani mai hankali zai karanta ya gane mini ita.

Abin da zai ba ku mamaki, sama da shekara arba'in ina auren 'yarta, ni da Iya ba mu taɓa yin magana baki da baki ba. Bafillatana ce ta gaske, ko da yake shanun sun daɗe da ƙarewa. Matata ce 'yarta ta fari, don haka ko sunanta ba ta faɗa, sai dai "waccan". Ni kuwa mijin waccan, kunyar ta ninku. In na je gaisuwa, sai in cire takalmi tun daga zaure, in tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta. Akwai asabari da ke sauke kullum, bai kai ƙasa ba, ya bar kamar taƙi guda. Ni ina ganin gefen tabarmarta, ita tana ganin ƙafafuna. In na ce, "Iya, ina kwana?" sai ta ce, "Ku ce masa lafiya lau." Sau da yawa ba kowa a ɗakin. Randa take gaya wa. Wani lokaci tunkiya. Na taɓa samun saƙon faɗa ta hannun tsintsiya.

Duk wanda ya yi noma a fadamarmu ya san cin ruwa. Ka wuni tsaye cikin taɓo kana dashe ko kana yankan kacala, ciyawar nan da ta cinye mana bakin kogi, sai tsakanin yatsu ya yi fari, ya tsage, ya yi ta ƙaiƙayi da wari, har taka ƙasa ya gagara. Mai aikin dashe in ƙafarta ta lalace, abincin gidanta ya tsaya. Tun ina saurayi Iya ke yi wa mutane maganinsa da garin bagaruwa da lalle da man kaɗanya. Yana yi, amma a hankali.

Sai 'yata da ke aure a Kano, wadda ke sayar da kayan gyaran jiki na mata, ta zo wata salla da wata 'yar kwalba baƙa, ba ta fi babban yatsa ba. Ta ce sunansa titiri, daga ganyen wata bishiya ake tatsarsa a can wata ƙasa mai nisa. Ina tsugune a waje aka buɗe, warin ya fito ta ƙarƙashin asabari ya same ni, kamar kafur da kananzir suna kokawa.

Iya ta ce, "Ke mummuna, guba kika kawo mini don ki gaje gadona na ƙarfe?"

'Yata ta ce, "Wa zai kwana a gadon da ke kuka kamar jaki? Tsohuwa, ki saurara. Ba a sha. Ba a kai shi kusa da ido. Ba a shafa wa jarirai. Kuma ba a shafa shi tsura, ƙona fata yake, sai an sirka da wani mai."

"A sirka kamar yaya?"

"Ɗigo kaɗan dai a cikin cokali."

"Cokalin gidanku ko na gidan mutanen kirki?"

Suka yi ta yi. Amma Iya ta riƙe dokokin nan kamar karatun salla, ba ta taɓa karya ko ɗaya ba. Daga nan ta shiga haɗa shi da kaɗanyarta da bagaruwarta, 'yata na aiko mata da kwalba duk shekara. Kafin ka ce me, labari ya bazu. Masu cin ruwa, yara masu makero a ka, masu ƙyasbi a wuya, duk suna layi. Mata masu amosani da ƙwarƙwata ta ɗiga musu a man kitso. 'Yan mata masu ƙurajen fuska ta murza musu kaɗan a sabulun salo, ta ce a wanke da safe, a daina matsa da farce, a daina kallon madubi kamar shi zai aure su. Ba ta sa wa kowa farashi ba. Kalmarta ɗaya ce in mutum ya fara dogon bayani: "Bar zance, nuna mini." Dattijon da ya ce ta kore shi kuwa, ciwon suga gare shi, yatsansa ya fara baƙi. Tana gani ta rufe gwangwani ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Tashi ka tafi asibiti yanzu, in na ƙara ganinka a nan da muciya zan raka ka."

Ni kuma ga nawa rabon. Duk shekara in ta yi sabon haɗi, sai a aiko wai in zo. In zauna a ƙasa a bakin ƙofa, in zura ƙafafu ta ƙarƙashin asabari, tun da ni damina ba ta taɓa wucewa ba ta ci mini yatsu ba. Suruka ba ta taɓa jikin mijin 'yarta, don haka ta samo dogon karan dawa ta naɗa auduga a bakinsa. Da shi take dangwalo maganin ta cusa mini tsakanin yatsu. Jama'a, wani haɗin in ya shiga tsaga, sai ka ga taurari da rana tsaka. Ga shi ba damar ihu a gaban suruka. Sai in cije leɓe in kalli sama. Can in ji ana motsa gwangwani, sai kara ya sake leƙowa. Wani lokaci sau biyu, wani lokaci har in fara tunanin sakin 'yarta. In ta gama sai ta ce wa randa, "Ku ce masa ya tafi."

Ni duk zatona horo ne. Na san ban kasance surukin da ta yi mafarki ba. Ina da surutu, ina da tsokana, kuma ranar da aka kai kayan gaisuwar aurena jakin da ya ɗauko su ya ci mata shanyar kuka.

Faɗanmu ɗaya da ita, shi ma a kan wannan ne. Wata shekara na gaji, na sayi safa a kasuwa, shuɗiya mai ratsin ja. Aka aiko in zo, na zo na tsuguna da safata na ce, "Iya, ina wuni?" Shiru. Na maimaita. Sai na ji ta ce wa tunkiya, "Yau wani baƙo ya zo mana da ƙafar aro. Ku ce masa masu gidan ba sa nan." Daminar nan kaf ba ta amsa gaisuwata ba. Dambun da take aiko mini ranar Juma'a ya tsaya. Matata ta daina yi mini dariya ko na faɗi abin dariya. Kuma abin da ban lura da shi ba sai yanzu, a shekarar ba ta yi sabon haɗi ba sam, ragowar na bara ta yi ta kankara tana ba mutane. Da na ga ba ci, na cire safar na je na zura ƙafa tun ba a kira ni ba. Yatsun sun yi fari fat, har ni kaina ina kawar da hanci. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ku ce masa sannu da dawowa daga tafiya."

Shekarar da kogi ya ɓalle jinga ya shigo unguwa kuwa, ruwa ya kai ƙugu kafin azahar. Maza sun watse neman kwalekwale, aka bar ni da Iya a kan gadonta na ƙarfe, ta ɗaure gwangwani da 'yar kwalbar a ɗankwali ta ɗora a ka. Ba yadda za a yi. Na juya baya na durƙusa. Ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, ta hau. Nauyinta bai fi na ɗan akuya ba. Tun daga gida har tudun makarantar da mutane suka taru, da ruwan take magana. "Ku ce masa ya bi hagu, akwai rami." "Ku ce masa ba buhun gero ya ɗauko ba." Da na yi tuntuɓe na kusa kifar da mu, sai na ji ta damƙe kafaɗata ta ce a hankali, "Ku ce masa ya huta, ba sauri." Muna isa ta sauka, ta shige cikin mata, ta kwance ɗankwali ta fara duba ƙafafun yara. Makonni muka yi a wurin, ba ƙafar da ba ta bi ba. Zancen goyon nan bai sake fitowa daga bakinta ba, ni ma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

To wannan ita ce matar da ta ce na sani.

Bayan sadakar bakwai, aminiyarta ta ƙi komawa Kaugama. Ta ce ba inda za ta sai an yi haɗin. 'Yata ta zo da sabuwar kwalba, matata ta kawo kaɗanya da bagaruwa, aka baje a tsakar gidan Iya, aka sa ni a tsakiya kamar boka.

Aminiyar ta ce, "To ɗan nan, ɗigo nawa?"

Na ce, "Baba, wallahi ban taɓa ganin cikin gwangwanin ba. Asabari ne a tsakaninmu."

"Ba ta taɓa gaya maka ba?"

"Ni? Sai dai a tambayi randa."

'Yata ta ce a yi yadda masu sayarwa suka ce, ai zai yi. Matata ta ce ba a san yawan bagaruwar ba, kuma kaɗanyar kowace shekara da ƙarfinta, shi ya sa Iya ba ta da ma'auni tsayayye. Aka yi haɗi kala uku, aka ce in gwada. Na shafa na farko na ce kamar shi ne. Na shafa na biyu na ce a'a, wannan ne. Na uku ma na ce ya yi kama. Gaskiyar magana ban ji komai ba, kamar ana shafa wa bango.

Aminiyar ta harare ni ta ce, "Kai, rufe mana baki. Matar da ba ta taɓa sauraron bakin nan naka ba, ta yaya za ta bar masa amana? Ke, in tana shafa masa, ina take kallo?"

Matata ta ɗago kai. Ta ce ita dai in ana yi kunya take sa ta koma ƙuryar ɗaki, amma ta tuna Iya kan sunkuya ta zuba wa ƙafar ido. Ta ce, "In babban yatsansa ya miƙe sama, sai in ga ta ƙara kaɗanya. In ba abin da ya motsa, sai ta ƙara ɗigo. Wani lokaci kuma ƙananan su lanƙwashe su saki, sai ta rufe gwangwani." Ta dafe baki. "La ilaha illallahu. Ni na ɗauka addu'a take yi."

Aminiyar ta tafa hannu. Ta ce ai shi ke nan. Kowa in Iya ta shafa masa ta tambaya, sai ya ce da sauƙi, don ladabi. Ni kaɗai ne ba a tambaya, ni kaɗai ne ba na amsawa, yatsuna ke yi. Ta ce a kawo ƙafar. Aka kawo. Ta duba tsakanin yatsu, ta saki salati.

"Wannan ai lafiyarsa ƙalau! Wa ya ce ka warke?"

Ashe zaman makoki ne. Na yi kwanaki a kan busasshiyar tabarma ban taka fadama ba, ƙafa ta yi sumul kamar ta ango. Ba tsaga, ina magani zai shiga ya yi magana?

Washegari da safe na naɗe wando na nufi fadama. Ba dashe na je yi ba, 'ya'yana sun karɓe wannan tuni. Tsayawa kawai na je yi. Na shiga cikin kacala har gwiwa na harɗe hannu. Masu wucewa a kwalekwale suna cewa, "Baba, me aka rasa?" Ina cewa, "Ciwo nake nema." Wani ya je ya gaya wa limaminmu cewa mutuwar suruka ta taɓa mini kai. 'Yata ta biyo ni har bakin ruwa tana faɗa, wai wannan ba hankali ba ne, in tsagar ta yi zurfi asibiti za ta kai ni ko ina so ko ba na so. Na ce na yarda, da ta fara fari zan fito. Ina tsaye a ruwan nan, sauro na cizo, kwaɗi na kallona, ina ta tambayar kaina: shin matar nan girmama ni ta yi, ko kuwa ta samu hanyar ci gaba da horona daga kabari?

Da yatsun suka nuna, aka sake zama. Aminiyar ta ce a yi yadda aka saba. Aka sauke asabarin ɗakin Iya, na zauna a ƙasa na zura ƙafa, ita da matata suna ciki. Karan dawan yana nan a jingine inda ta bar shi. Da na ga bakinsa ya leƙo da sabuwar auduga, sai na kalli sama tun magani bai taɓa ni ba.

Na farko ya shiga, na ji kamar an ɗora garwashi. Daga ciki aka ce, "Ya miƙe, ƙara kaɗanya." Na biyu ban ji komai ba. Aka ɗiga. Na uku ya shiga da ɗan zafi, ya tsaya, sannan wani sanyi ya biyo baya ya hau har idon sawu. Ni ban san me yatsun suka yi ba, ba na ganinsu. Na dai ji kukan matata, sai ƙarar murfin gwangwani.

Ranar da aka fara dashe, matan unguwa suka zo da 'yan robobinsu, matata ta ɗiba musu. Mutumin Malam Madori ya dawo ya karɓi nasa, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ai na san ka sani." Ban musa ba, ban kuma amsa ba, don ni kaina ban san wanne ne gaskiya ba.

Allah ya ji ƙan Iya, ya yafe mata, ya sanyaya mata makwanci kamar yadda ta sanyaya wa bayinsa tafin ƙafa. Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, har da randar da ta rasa abokiyar hira. Wanda ya karanta wannan ya yi mata ƙulhuwallahu.

Da aminiyar za ta koma Kaugama na raka ta tasha, ina ɗingishi. Na yi ta maza na tambaye ta, tun da ita ta fi kowa sanin cikin Iya, shin matar nan tana ƙaunata kuwa?

Ta gyara zama a mota, ta leƙo ta taga, ba fuskata ta kalla ba, ƙasa ta kalla.

"Baɗi war haka zan dawo," in ji ta. "Kada ka kuskura ka warke."